Idan gwamnati ta ɗauki mutanen ƙauye aiki, wa zai yanke mana ridi? Tambayoyi da amsoshi

Duk sanda aka zauna hirar yadda za'a tada ƙauyuka in Allah ya kawo mana ƙarshen yaƙin nan na Sudan, sai kaji wani ya kawo maganar Indiya, wai can doka ce ta tilasta wa gwamnati ta ba mutanen ƙauye aiki ta biya su. Daga nan sai majalisa ta rabu biyu, masu manyan gonaki suce ai wannan kashe noma ne, 'yan ƙwadago kuma suce Allah ya kawo. Na tattara tambayoyin da suka fi yawo tsakanin mutanenmu na Gadarif da Sinnar da Jazira, har da 'yan uwa na Makka da Jidda masu turo kuɗin noma gida. Nima manomi ne, ƙarami, kuma ina ɗaukar mutane a yankan ridi, don haka ku san ta inda nake magana.

Wai menene shi wannan shirin ne tukuna?

Doka ce da majalisar Indiya tayi a 2005, aka fara aiki da ita a watan Fabrairun 2006 a gundumomi 200 mafi talauci, zuwa 2008 ta game duk karkarar ƙasar, a 2009 aka liƙa mata sunan Mahatma Gandhi, shi yasa zaka ga ana rubuta MGNREGA. Abinda ta ce shine kowane gida na ƙauye yana da haƙƙin aikin ƙarfi na kwana 100 a shekara, a biya shi ladan da gwamnati ta yanke. Gida ɗaya fa, ba mutum ɗaya ba. Kai zaka je ka nema da katinka, in kwana 15 suka wuce ba'a baka aiki ba to sai a biya ka kuɗin zaman jira, kuma aikin ya kasance kusa da gida, in ya wuce kilomita 5 sai a ƙara maka kashi 10 cikin 100 na hanya. An hana 'yan kwangila, an hana injinan da zasu karɓe aikin hannu, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan mata ne, ladansu daidai da na maza.

Aikin kuma galibi haƙan tafki ne da rijiya da gyaran hanyar ƙauye da yashe magudanar ruwa da shuka itatuwa. Ba sabon abu bane a can, jihar Maharashtra ta fara irinsa tun farin da akayi a farkon shekarun 1970.

Kuma da gaske kowa na samun kwana 100 ɗin?

Ina! A yawancin shekaru in an raba, gida ɗaya kwana 50 ne ko ƙasa da haka. Waɗanda ke cika 100 ɗin 'yan kaɗan ne. Ku riƙe wannan domin duk sauran amsoshin sun dogara da shi.

To ya ƙara tsadar lebura ko bai ƙara ba? A faɗa mana kai tsaye.

Ya ƙara. Amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba.

Tunda ba rana ɗaya aka fara shi ko'ina ba, masu bincike sun samu damar gwada gundumomin da ya riga ya shiga da waɗanda bai kai ba tukuna. Wasu masana biyu, Imbert da Papp, sun fitar da nasu a 2015 inda suka ga ladan ɗan ƙwadago na yini ya tashi da kusan kashi 5 cikin 100, kuma tashin ya fi fitowa a jihohin da suka riƙe shirin da gaske irin su Andhra Pradesh da Rajasthan da Tamil Nadu. Jiha irin Bihar kuwa, duk da tafi kowa talauci, aikin bai kankama sosai ba don haka bai girgiza kasuwa ba. Akwai ma waɗanda suka bincika suka ce su basu ga wani tashi mai yawa ba, sai dai a ladan mata.

Abinda ya rikita mutane shine daga wajen 2007 zuwa 2013 ladan aikin gona a Indiya ya yi tashin gwauron zabi, sai manoma suka ɗora wa shirin laifi gaba ɗaya, alhali a daidai lokacin ne gine-gine suka buɗe a birane suka kwashe samari, ga farashin abinci na tashi. Daga 2014 lada ya tsaya cak shekara da shekaru in ka cire tsadar kaya, kuma a lokacin shirin yana nan ba'a soke shi ba. Da shi kaɗai ne ke tura lada sama ai da bai tsaya ba.

Mu nan ma mun ga irin haka ba tare da wani shirin gwamnati ba. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 hannaye da yawa sun tafi, ga zinariya ta kwashe yara zuwa arewa, wanda da yake zuwa noman dawa yanzu yana rami da na'urar neman zinariya, lada ya tashi, babu wata doka da ta sa.

Kashi 5 ɗin nan ai ba komai bane, me zai yi wa riba?

A nan ne nake tare da masu gona. Bari in yi misali da lissafi mai sauƙi, misali ne kawai ba ƙididdiga ba. Ka ce ka kashe 100 a gona, 40 a ciki kuɗin mutane ne, noma da maimai da yanka da ɗauri da kaɗewa, ka sayar ka samu 110. Ribarka 10. Lada ya tashi da kashi 5, wato 2 ta ƙaru a kan 40 ɗin, ribarka ta koma 8. Kaga a bakin mai magana kashi 5 ne, a aljihunka kashi 20 na riba ne ya tafi. In kuma shekarar ruwa ya ɗauke da wuri ko farashi ya faɗi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, wannan 2 ɗin ita ce tsakanin fita da uwar kuɗi da faɗuwa.

Amma ya danganta da abinda ka shuka. Dawa a mashru'i, wato babbar gonar da tarakta ke shukawa inji ke girbewa kuɗin mutanenta kaɗan ne. Ridi da auduga da albasa da gyaɗa su ne masu cin hannu, a nan ƙarin ke ciwo.

Aikin gwamnatin a rani ake yawan yinsa, to ya akayi yake taɓa ladan damina?

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce muhimmanci a wurina. Ɗan ƙwadago ba da ƙarfinsa kaɗai yake jinga ba, da cikinsa yake yi. Mutumin da ya fito daga bazara rumbu ba komai, yara ba lafiya, ga bashin mai kanti, in ka ce masa ga kaza a fadan ɗaya (fadan ma'aunin faɗin gona ne a wurinmu) zai karɓa, ba wai don yayi masa daɗi ba. Da yawa ma tun a rani sun riga sun ci kuɗin aikin damina, sun karɓi wani abu a hannun mai gona ko wakilinsa, to wanda ya riga ya ci ai bashi da bakin ciniki. In ya samu aikin wata biyu a rani ya sayi buhun dawa ya ajiye bai ci bashin kowa ba, ranar da ka zo jinga zai iya cewa Alhaji a ƙara, in ba'a ƙara ba zan duba gaba. Shikenan, lada ya tashi ko da ranar babu aikin gwamnati ko ɗaya a garin.

Wani babban bincike da Muralidharan da abokansa biyu suka yi a Andhra Pradesh ya nuna haka ƙarara. Da aka gyara hanyar biya, aka koma kati da tambarin yatsa kuɗi na isa hannun mai shi da wuri ba tare da an yanka ba, abinda gidajen talakawa ke samu ya ƙaru da kashi 14 cikin 100, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na ƙarin ba daga aikin gwamnatin ya fito ba, daga aikin masu zaman kansu ne da ladansa ya tashi. Abin mamakin, mutanen da ke aiki a wajen masu zaman kansu basu ragu ba, ƙaruwa sukayi. Yadda suka fassara shi shine a ƙauyukan da 'yan manyan masu ƙasa kaɗan ne ke ɗaukar kowa aiki, dama an danne lada ƙasa da inda ya kamata ya tsaya, da ya ɗan tashi sai waɗanda da suke ganin bai kai su fito ba suka fito. Sun kuma ga ribar da ƙasa ke bayarwa ta ragu, wato mai gona ne ya biya, wannan ba ɓoyewa.

Malam, ni fadan 1000 nake nomawa a Gadarif, rabi ridi ne. In aka kawo wannan abu ina zan samu mutane a kaka?

Ranka ya daɗe, tsoronka a kan hanya yake, kuma ba tsadar ce ma tafi ba, rashin mutanen ne a ranar da kake so. Ridi baya jira. Da ganye ya fara rawaya ƙwanson ƙasa ya fara buɗe baki kwanaki kaɗan gare ka, in ka makara kana sa lauje zaka ji yana zuba ƙasa shaa kamar yayyafi, abinda ka wahala a kai tun Yuli tururuwa ce zata kwashe. Kuma duk yankin lokaci ɗaya yake nuna, wajen Oktoba, kowa na neman jangu, wato 'yan ƙwadagon kaka, a mako guda, motoci na jere a kasuwa wakilai na ta ƙara wa juna kuɗin hilla, wato tarin damin ridi da ake biyan yanka a kansa, wanda ka ɗauko jiya ka ciyar da shi da asuba ka tarar ya tsallaka gonar maƙwabcinka don an ɗora masa kaɗan. Duk mun san wannan.

To amma duba su wanene ke yanka maka. Da yawa 'yan Habasha ne masu shigowa ta Gallabat, wasu daga yamma, wasu daga Nilu Shuɗi, wasu yaran unguwanninmu. Abinda mai yanka ke samu a makon kaka in yana da hannu ya fi ladan aikin gwamnati nesa ba kusa ba, domin irin wannan shirin da gangan ake sa ladansa ƙasa. A Indiya a 2024 ladan yini yana tsakanin rupi 234 da 374 ne gwargwadon jiha, kuma a jihohi da dama bai kai abinda ake biyan namiji a gona ba. Saurayi mai ƙarfi ba zai bar kuɗin kaka ya tsaya haƙan tafki ba. Wanda zaka rasa shine dattijon da dama dole ce ke fito da shi, da wanda da yake barin gida wata uku yanzu ya ga wata ɗaya ya ishe shi. Manoman Punjab sun yi irin wannan kukan a kan mutanen Bihar masu zuwa dashen shinkafa, amma shinkafar bata fasa dasuwa ba, kuɗin ne ya ƙaru.

Me zai hana a tsayar da aikin lokacin shuka da girbi kawai?

An daɗe ana wannan rigimar. Tun 2011 ministan noma na lokacin, Sharad Pawar, ya nemi a riƙa dakatar da shi a watannin da gona ke buƙatar hannu. A ƙarshen 2025 kuma majalisarsu ta amince da sabuwar doka da zata maye gurbin tsohuwar, ta ɗaga kwanakin zuwa 125, ta ba jihohi damar tsayar da aiki har kwana 60 a lokacin shuka da girbi, sannan ta ɗora wa jihohi kaso mai yawa na kuɗin, wanda da gwamnatin tarayya ce ke biyan ladan gaba ɗaya. Ƙungiyoyin leburori sunyi ta ƙorafi.

Maƙwabtanmu Habasha tun 2005 suke da nasu shirin na tallafi da aiki mai ɗauke da mutane kusan miliyan 8, su dama a watannin rani suke sa aikin, daga Janairu zuwa wajen Yuni, don kar ya ci karo da gona. Sai dai nasu ba haƙƙi bane da kowa zai je ya nema, zaɓen gidaje akeyi.

Ra'ayina, a wurinmu tsayarwar tana da ma'ana a yankan ridi da noman farko, amma a yanke kwanakin gari-gari, don lokacin Gadarif daban da na Jazira mai ruwan kanal da noman alkama a sanyi. Kuma kar mu yaudari kanmu, in an rufe aikin kwana 60 an rage wa lebura ƙarfin ciniki ne a daidai lokacin da yafi buƙatarsa, kuma akwai ƙauyen da ko a damina babu isasshen aiki, shekarar fari kenan, in gona ta ƙone a Satumba ka ce masa dakata sai bayan girbi, girbin me?

Mu ƙananan manoma fa, masu fadan 5 ko 10 ko 'yar hawasha, wato gonar ban ruwa ta Jazira?

Mu ne ma ba'a cika tunawa da mu a gardamar ba, ana magana kamar duniya mai gona ce da lebura kawai. A Indiya kashi 86 cikin 100 na gonaki basu kai hekta 2 ba, wato ko fadan 5 basu cika ba. Irin wannan manomin da safe yana gonarsa da yamma yana ta wani, ko shi yana tasa ɗansa na ƙwadago. In kwanakin da gidanka ke sayar da ƙarfinsa sun fi waɗanda kake ɗaukar wani, to tashin lada riba ce gare ka, ka zauna ka ƙirga da kanka.

Sannan ga shail, ba-da-kaka ɗinmu. Manomi nawa ne a Yuli yake zuwa wajen ɗan kasuwa ya karɓi kuɗin iri da abinci da sharaɗin zai biya da buhu a kaka a farashin da shi kansa ya san zalunci ne? In kuɗin aikin rani ya saya maka iri ya ciyar da gida wata biyu, buhunan nan naka ne. Wallahi abinda shail ke ci a gonar talaka ya ninka abinda ƙarin lada zai ci.

Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne na tsakiya, mai fadan 50 ko 100, gonar tafi ƙarfin iyalinsa dole ya ɗauki mutane, kuma bashi da kuɗin inji balle jingina a banki. Da dattawa da zawarawa masu gona ba 'ya'ya a kusa.

Mata fa?

A Indiya sun fi rabin masu aikin, a Kerala da Tamil Nadu ma sun haura kashi 80. Dalili kuwa a gona ana biyan mace ƙasa da namiji, a shirin kuma daidai ne, ga shi kusa da gida. Shi yasa inda lada yafi motsawa shine ayyukan mata, cire ciyawa da dashe da tsinkar auduga. Duk wanda ya san kambo, wato zangon leburori, a Jazira ya san su waye ke duƙe cikin auduga tun zamanin da aka buɗe madatsar Sinnar a 1925, iyayenmu ne da kakanninmu da mutanen yamma, mata da yara, kuma har yau da yawansu basu da ko taku ɗaya na hawasha. In ladansu ya tashi ni bazan yi kuka ba.

Ba zai sa mutane lalaci ba? Ance zama kawai suke a inuwa a rubuta musu suna.

Akwai inda hakan ke faruwa, in mai kula da aikin ɗan gari ne kuma ba mai dubawa. Amma a ƙa'ida awo akeyi, a auna ƙasar da ka haƙa a biya ka gwargwado, in baka cika ba ba'a cika maka. Haƙan ƙasa a zafin Afrilu ba hutu bane. Galibi mai cewa sun zama malalata, in ka bi diddigi, nufinsa sun daina karɓar kuɗin bara.

Ance tsadar lebura ce ke tura manoma ga inji, to ai leburan ne zasu yi asara daga baya?

Da gaskiya a ciki. Can ma an ga manoma sun ƙara komawa hayar tarakta da injin sussuka da maganin feshi. Nan ma kafin yaƙi feshin ciyawa ya riga ya rage noman hannu sosai a manyan mashru'ai, injin girbin dawa kuma ya daɗe, injin yankan ridi mai ɗaurewa ma ya fara shigowa. Da shiri ko ba shiri inji na tafe. Abinda ke riƙe shi yanzu gas ne, wato man dizal, da kayan gyara da dala, ba arhar lebura ba.

Aikin da sukeyi yana amfanar gona kuwa, ko ramuka ne kawai?

Duka biyu. Akwai tafkunan da aka haƙa a inda ruwa baya taruwa, akwai hanyar da damina ɗaya ta wanke. Amma inda aka yi da hankali rijiyoyi sun daina ƙafewa da wuri, wasu sun samu noman rani, kuma daga baya an yarda a riƙa yin aikin a gonakin ƙananan manoma kansu, a haƙa musu ɗan tafki ko rijiya ko a daidaita ƙasa. A wurinmu ba sai anyi dogon tunani ba. Hafirori, wato tafkunan tara ruwa, da suka cike da laka, ƙananan kanal na Jazira da ciyawa da taɓo suka toshe har ruwa baya kai wa na ƙarshen layi, hanyoyin baƙar laka da in ruwa ya sauka ko tarakta sai ta kafe. In mutanen gari suka yashe hafira ɗaya, mai mashru'in da ke sayen ruwa a tanka don ma'aikatansa shima ya huta, wannan ma ai riba ce, sai dai ba'a rubuta ta a littafi.

Me zai hana gwamnati ta biya su amma suzo suyi aikin a gonakinmu?

Manoman Indiya sun nema, wasu manyan ministocin jihohi ma sun goya musu baya, a biya rabi manomi ya biya rabi. Ni ban yarda ba. Wa zai samu mutanen? Wanda ya san shugaban lajana, wato kwamitin gari. Mai fadan 1000 zai kwashe 50, bazawara mai fadan 3 tana jira. Kuma aikin da dama za'a yi shi ne, ba'a ƙara ko yini ɗaya ba, kuɗin jama'a ne kawai ya koma aljihun mai gona. In ana son taimakon manomi a bashi gas a kan lokaci, a rage masa shingayen karɓar kuɗi a hanya, bankin noma ya saki kuɗi kafin ruwa ya sauka ba a Agusta ba.

Yaya, ni ina Jidda, duk shekara ina turo kuɗin noma, duk shekara ace min lebura ya cinye riba. Gaskiya ne?

Ƙanena, ka nemi a rubuta maka lissafi kashi-kashi kafin ka yarda, ba don ana cutarka ba, don lebura shine abinda ido ke gani, kuɗi ne a hannu ake ƙirgawa a bakin gona ana musu, shi yasa ake tuna shi. Gas da hayar tarakta da buhu da mota zuwa kasuwa da zakka da kuɗin hukuma da ɗan kamasho, kowanne na yanka nasa shiru. Sannan ga faɗuwar fam, kuɗin Sudan, ka turo riyal a Yuni an canza, kafin Oktoba kuɗin sun zube daraja, lebura kuma dole ya nemi ƙari tunda shima sukari da mai yake saya. In zaka iya ka riƙe kuɗin girbi a riyal sai lokacin yayi ka turo ta manhajar banki ta Bankak ko ta hannun wanda ka yarda da shi. Kuma ka tambayi ranar da aka sayar, wanda ya kai ridi kasuwa a makon da kowa ya kai ba ɗaya yake da wanda ya iya jira ba.

Ba za'a sace kuɗin ba?

Za'a gwada. Can ma anyi sunayen bogi da aikin da ke takarda kawai. Maganin da suka samo shine a karanta rajista a bainar jama'a, a tara gari a kira suna da kwanaki da kuɗi kowa naji, Andhra Pradesh tayi suna a wannan. Matsalar da tafi sata ma jinkiri ne, doka ta ce a biya cikin kwana 15 amma mutane kan jira watanni, jihar Bengal ta Yamma ma an tsayar mata da kuɗin gaba ɗaya a 2022 saboda rigima da gwamnatin tarayya. Kuma aikin da ba'a biya da wuri baya ƙara wa lebura ƙarfin komai, zai dawo wajen Alhaji ne ya karɓi na hannu ko nawa ne.

To zai yiwu a Sudan kuwa?

Irin na Indiya, da doka da haƙƙi da kuɗin zaman jira, a yanzu a'a. A shekarar korona kaɗai sun kashe sama da rupi tiriliyan 1 a kai, daga harajinsu, kuma suna da majalisar ƙauye zaɓaɓɓiya da asusun banki kusan kowane gida. Mu tun Afrilun 2023 miliyoyi sun bar gidajensu, Jazira da Sinnar an kwashe taraktoci da famfuna da iri, wasu ƙauyukan ma sai an fara tabbatar da wanene ya dawo. In an buga kuɗi an biya lada da su tsadar kaya zata cinye kafin su isa kasuwa.

Abinda zai iya yiwuwa shine ƙaramin aiki irin wanda ƙungiyoyin agaji dama sukeyi, aiki a biya ka da kuɗi ko abinci. In ya zo garinku, ku masu gona da ku masu ƙwadago ku shiga lajanar tare tun farko kar ku bar wa mutum biyu. Ku nemi a sa aikin daga Janairu zuwa Mayu a yankin damina, a Jazira kuma a kauce wa girbin alkama. Ku nemi ladan ya tsaya kusa da na rani a garin, kar ya kai na kaka. A rubuta mutanen kambo da 'yan gudun hijira, kar a ce sai mai hawasha ko mai takardar gari, don in an bi ta nan mutanenmu ne farkon waɗanda za'a tsallake. Kuma a fara da hafira da kanal kafin a zo ga fentin ofis.